Hafif a Jikin Gwangwani

Shekarar da ruwa ya ci Jidda ne, ranar da alhazai ke haramar tafiya Mina. Mu a Ammariyya abin ya zo mana da sauƙi, ba kamar unguwannin gabas ba inda ruwa ya tafi da motoci da rayuka. Namu a bakin ƙofa ya tsaya, ya leƙo ciki ya jiƙa darduma da gindin buhun shinkafa. Duk da haka matata ta wuni tana kwalfe shi da bokiti, ta hana ni sa hannu, wai in na taɓa aikin zai zama biyu. La'asar na yi ta zauna a kan matakala ta dafe ƙirji, ta ce numfashinta ba ya kaiwa inda ya saba kaiwa.

Bayan salla muka kai ta mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa. Likita ya ce jininta ya hau, kuma akwai kitse a cikinsa fiye da kima. Ya yi dogon bayani da Larabcin masu karatu, 'yarmu tana juya mana shi da Hausa. Ni Larabcina na shago ne, na auna yadi da ciniki da alhazai a Bab Makka, inda nake aiki tun ina saurayi. Kalma ɗaya dai na riƙe, don ya yi ta maimaita ta yana ɗaga yatsa: abinci ya zama hafif, wato mara nauyi. A rage mai, a rage gishiri, a bar man shanu da cuku.

A hanyar gida na riƙa nanata kalmar don kada ta tsere mini. 'Yarmu, wadda a Jidda aka haife ta, ta ce, "Baba, khafif ake cewa. Daga maƙogwaro."

Na ce, "Maƙogwarona na Damagaram ne, ya wuce gyara."

Matata ba ta yi dariya ba. A nan na san maganar likita ta shige ta.

Sai na faɗi yadda cin abincinmu yake kafin a gane abin da ya dame ni. A garinmu ban taɓa ganin mahaifina ya sa hannu a kwano ɗaya da mahaifiyata ba. Maza a zaure, mata a cikin gida. Jidda ce ta canza mu, kuma ba wayewa ce ta jawo ba, ƙuncin wuri ne. Da ɗaki ɗaya muka fara, babu zaure babu tsakar gida, sai mu shimfiɗa ledar cin abinci da ake kira sufura mu zagaye faranti ɗaya. Da farko kunya ba ta barin ta ɗaga kai. Daga baya ita ta zama mai rabo, tana turo wa kowa wajen da ta san yana so. Da muka samu gida mai ɗaki biyu, ba wanda ya kawo zancen a raba kwano. Da yaran maza suka yi gidajensu, muka rage mu uku a bakin sufura, ni da ita da 'yarmu.

Abincin ranar Juma'a kuwa siniya ce, faffaɗan tiren makarona da kifin tuna da ake gasawa a furun, wato tanderun gashi. A gidan wasu Misirawa da ta yi wa aiki farkon zuwanmu ta koyo ta. Su da niƙaƙƙen nama suke yi, ita ta mayar da ita ta tuna don shi ya fi mana sauƙin samu, har muka zo muka fi son ta a haka. Za ta narka man shanu ta soya fulawa a ciki, ta riƙa zuba madara tana juyawa har ya yi kauri, shi ake kira bashamel. Ta ƙara gwangwanin gishta, kirim ɗin nan mai kauri, da cuku mai kusurwa uku, da dunƙule. Tuna kuma da mansa take juyewa, ko ɗigo ba ta bari. In ta fito daga furun saman ya yi ja yana tsuwa. In na dawo daga masallaci, tun daga ƙasan matakala nake sanin an sauke.

Bayan zuwa wajen likita ba ta daina yin siniyar ba. Ta ce ita aka hana, ba mu ba. Za ta yi ta yadda ta saba, ta ajiye mana a tsakiyar sufura, sannan ta ɗauko wani ƙaramin kwano mai shuɗin baki, ta zuba dafaffen karas da koren wake da kabewa ba gishiri, ta koma jikin bango ta zauna ita kaɗai. Ta yi 'yan cokula, ta ture. In na ce ta matso, sai ta ce, "Ci abincinka, Alhaji. Ni da kwanona mun saba."

Ba su saba ba. Zobenta ya fara juyawa a yatsa. Kusurwar siniyar da ke fuskantar wajen zamanta kuwa haka ake mayar da ita kicin ba a taɓa ba, don daga ni har yarinyar ba mai iya miƙa hannu can.

A lokacin na yi 'yan watanni da shiga karatun manya. Wani dattijo Bahaushen Sudan, wanda ya yi koyarwa shekaru kafin ya ajiye aiki, shi yake tara mu a bayan shagon wani tela, tsakanin azahar da la'asar lokacin da ake rufe shaguna. Dukkanmu masu furfura ne. Ya fara mana da baƙaƙen Larabci don mu riƙa karanta iƙamarmu, wato katin izinin zama, da allunan titi da kanmu. Boko, wanda nake wannan rubutu da shi, daga baya ya zo. Ni ina yaro noma da kiwo suka cinye lokacin allona, ƙananan surori kawai na riƙe da ka. Tun ranar da na fara zuwa aji matata ta sa mini suna Ustaz. In na shigo sai ta ce, "Ustaz, an taso? Malam bai yi duka ba dai?" Daga ranar likita ta daina, ta koma kirana Alhaji kamar baƙo.

Wata Laraba ina wucewa ta layin masu sarin kayan gwangwani, idona ya faɗa kan wani kwali mai hoton kifi. Na tsaya. Baƙin farko ha ce mai ɗigo a ka, wadda malam ya ce ita ce ta maƙogwaro. Sai fa, sai ya mai ɗigo biyu a ƙasa, sai wata fa ɗin. Na haɗa su a hankali, leɓena yana motsi kamar yadda muke yi a aji. Hafif.

Wannan ce kalma ta farko da na karanta a titi ni kaɗai, ba malam a kaina, ba yatsan kowa a kan layi. Kuma ita ce kalmar likita. Na ji kamar ni aka rubuta wa. Ban tambayi mai shago komai ba, don a ganina ranar wanda ya iya karatu ya wuce tambaya. Na ce a ba ni kwalin gaba ɗaya, na saɓa a kafaɗa, na taka da ƙafa har Ammariyya.

Da safiyar Juma'a na sanar cewa yau ni zan yi siniya, kuma kowa zai ci, har da ita.

Ta dube ni daga hula har takalmi. "Kai? Ka san inda ashana take a gidan nan?"

"Zan tambaya."

"Me za ka sa a ciki?"

"Tuna hafif. Irin na likita. Da idona na karanta."

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta shige ɗaki, amma ta bar ƙofar a ɗan buɗe.

Na dafa makarona har ta wuce dahuwa. Na buɗe gwangwanin farko, na ga kifi kwance a cikin mai. Sai na ce wa kaina ai tunda an rubuta hafif, man ma hafif ne, masu kamfani sun fi ni sani. Na juye gwangwanayen da mansu kamar yadda na ga tana yi. Kuma tunda na bar gishta da cuku, na ƙara wani gwangwanin don ya tsaya a madadinsu.

Ina cikin juyawa 'yarmu ta shigo, ta ɗauki gwangwani ɗaya ta jujjuya shi.

"Baba, me aka rubuta a nan?"

"Hafif."

"Daidai. Bayansa fa?"

Na karɓa na nisanta shi da idona. Ashe akwai sauran rubutu a gaba, ƙanana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Fi. Sai za, sai ya, sai ta. Zait. Wannan ko a kasuwa na san shi, mai ke nan.

"A cikin mai," in ji ta. "Khafif ɗin nan ba na daktor ba ne, ya Baba. Irin naman kifin ake nufi, yani akwai fari, akwai khafif. Amma duk a zait suke wanka."

Daga ɗaki na ji wani sauti da na kwana biyu ban ji ba. Matata ce take dariya, tana toshe baki da mayafi.

"Ustaz," ta kira, "nawa ka sayo?"

"Kwali ɗaya."

"Mun gode Allah da kalma ɗaya ka iya. Da biyu ce, da mota za ka ɗauko."

Siniyar ta fito mai yana yawo a samanta. Ni da yarinyar muka ɗan ci gefe don kada a ce ba a ci ba, sauran na kai wa magunan lungunmu, waɗanda suka yi mini rakiya har ƙofa. Matata ta ci daga ƙaramin kwanonta a jikin bango kamar kullum. Amma ta kira ni Ustaz, kuma na riƙe wannan.

Ranar Asabar na ba da labari a aji. Abokan karatuna suka yi dariya har tela ya leƙo ya ga ko lafiya. Daga ranar suka koma kirana Hafif, alhali duk ajin ba wanda ya kai ni tumbi. Malam ya jira suka gama, sannan ya ce, "Karatunka daidai ne, ba ka kuskure baƙi ko ɗaya ba. Tsayawa ka yi da wuri. In ka kama layi, ka kai shi ƙarshe." Ya ce in kawo sauran gwangwanayen gobe. Makon nan gaba ɗaya a jikin gwangwani muka yi karatu. Muka koyi rubutun mai, da na ruwa, da na gishiri, da yadda ake rubuta madara mai ƙarancin kitse. In an tashi, sai a buɗe littafin a cinye da burodi.

Da na koma saye, kantin unguwarmu na je, na tsaya gaban kanta ina ɗaukar gwangwani ina ajiyewa, ina bin kowane layi har ƙarshensa. Na daɗe har mai kantin ya ce, "Ya Hajj, daga baladiyya, hukumar gari, aka turo ka bincike?" Na samu wanda aka rubuta a cikin ruwa. Na ci gaba, na ga an ƙara da gishiri. Na yi murna da wannan kalmar fiye da ta farko, don ita ta so ta ɓuya ne na kamo ta. A gida na juye kifin a kwandon tsane makarona na ɗauraye shi a famfo.

Siniya ta biyu tsoro ne ya dafa ta. Na cire mai, na cire gishiri, na cire bashamel ɗin ma gaba ɗaya, na yayyafa madara kawai na tura furun. Da ta fito, 'yarmu ta ƙwanƙwasa saman da cokali, ya amsa. Ta ce, "Baba, wannan a ajiye, in tayil ɗin banɗaki ya fashe." Matata ta miƙo hannu daga jikin bango ta ɓalli gefe, ta tauna, ta daɗe tana taunawa.

"A ciki hafif ce," in ji ta. "A haƙori ne take da nauyi."

Ta koma kan kwanonta. Magen da ta zo wancan makon har da 'ya'yanta ta shinshina, ta ɗaga kai ta dube ni, ta wuce.

A Juma'a ta uku na ce bashamel zai dawo, amma da cokalin man zaitun da madara mai ƙarancin kitse. Na ɗauko tukunyarta da ta fi so, wadda ba ta barin ko 'yarta ta wanke. Na zuba fulawa, na kwarara madarar gaba ɗaya a lokaci guda, abin ya yi gudaji. Na kama kankare gindin tukunya da cokalin ƙarfe.

Daga ɗaki ta ce, "Wutar ta yi yawa."

Na ci gaba da kankarewa.

"Ustaz, ka rage wuta."

"Na rage."

"Ba ka rage ba, ina jin ƙaurin fulawa. Kuma wane cokali ne wannan?"

"Wanda na samu."

Sai na ji takunta. Ta tsaya a bakin kicin tana ɗaure ɗankwali.

"Matsa. Za ka kashe mini tukunya."

Ba zan ce ban san yadda ake rage wuta ba, kuma na san inda cokalin katako yake. Amma ba a tambaye ni wannan ba. Na matsa.

Ta zubar da gudajina ta sake sabo, tana zuba madara kaɗan-kaɗan, hannunta bai tsaya ba. Ni ta mayar da ni mai yanka albasa, ta ce in yanka da yawa, a bar ta a wuta kaɗan har ta yi laushi ta yi zaƙi, ita za ta tsaya a wajen gishta. Ta sa tafarnuwa da masoro, ta matse lemon tsami a kan kifin. Makarona ta ce a sauke da sauran ƙarfinta, furun zai ƙarasa. Kowane abu ta ɗauka sai ta miƙo mini ta ce, "Karanta, har ƙarshen layi," in na karanta ta ce, "Allah ya ƙara ilimi," kamar mai sallamar yaro.

Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. Ta buɗe wata 'yar kwalba ta ɗebo daddawa, irin wadda 'yan'uwa ke kawo mana tsaraba lokacin Hajji, ta daka kaɗan ta zuba.

'Yarmu ta ce, "Umma, daddawa a bashamel? Haram, Misirawa za su kai ƙara."

"Su zo su same ni. An hana ni dunƙule, ba a hana ni garinmu ba."

Sannan ta waiga ta ga ƙaramin kwanonta a gefe, da karas da koren wake da kabewar da ta riga ta dafa wa kanta tun da safe. Ta tsaya tana kallonsa. Ta ɗauka ta juye a cikin tukunya ta gauraya, wai siniyar tana bukatar launi. A sama, maimakon cuku, ta sa na daka busasshen burodi a turmi, ta murza shi da ɗan man zaitun ta barbaɗa. Ta tura furun ta ce in tafi masallaci kafin in ƙona wani abu.

Da na dawo, ƙanshin da ya tarye ni a matakala ba irin na da ba ne, ya fi kama da na miyar gida. An shimfiɗa sufura, siniya tana tsakiya. Na zauna, yarinyar ta zauna. Matata tana tsaye da cokali.

"Ba ci zan yi ba," in ji ta. "Ɗanɗanawa zan yi, tunda ni na dafa."

Na ce, "Ai dole."

Ta durƙusa a wajen zamanta na da, ta ɗebi kusurwarta. Ta ce lemon ya yi kaɗan. Ta sake ɗiba don ta tabbatar. Ta gyara zama ta naɗe ƙafa. Ni da yarinyar muka sunkuyar da kai muna ci, ba wanda ya yarda ya kalle ta. Can sai na ga bayan cokalinta yana turo mini gefen da burodin ya fi gasuwa, wajen da ta san ina so.

"Ba ta kai ta da daɗi ba," in ji ta.

Gaskiya ta faɗa, ba ta kai ba. Na ce, "Amma ta fi ta makon jiya."

"Ustaz, ƙofar gidan nan ma ta fi ta makon jiya laushi."

Ta ci har ta ƙoshi. Magani dai bai bar ta ba, har yau tana sha safe da yamma, amma zoben ya daina juyawa. Siniyar Juma'a ta zauna a haka. Ita ce mai bashamel, ni ne mai albasa da karatun gwangwani, kuma ba a sake ba ni tukunyar nan ba.

In aka ƙirga abin da muka rasa a wannan sha'ani, ga shi. Kwalin tuna ɗaya, 'yan aji sun cinye. Siniya biyu, ɗaya maguna sun karɓa, ɗaya sun ƙi. Gishta da man shanu da dunƙule. Jan saman nan mai tsuwa, wanda har yanzu nakan tuna shi a matakala. Santsin gindin tukunya ɗaya. Sunana a bakin abokan karatu. Sai ƙaramin kwano ɗaya mai shuɗin baki, wanda sau ɗaya ta tambaye ni ko na gan shi, ba ta sake tambaya ba.